Abin da Ba Ka Rubuta a Littafin Gobara Ba

Zuwa ga Malam, maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta mata ga mijinta, da roƙon Allah ya sa kana cikin rahama, ya yalwata maka makwanci. Na sani sarai wannan takarda ba za ta same ka ba. Babu direban da ke lodin inda kake, jirgin ƙasan ma nan Kaura ya ƙare, bai san gaba ba. Amma kai ka zaunar da ni a tabarma ka koya mini riƙon biro, kana cewa wata rana zai yi mini amfani. To ranar ta zo, kuma a kanka zan fara. Ka gyara kwanciya, Malam, don yau ba kuka na zo yi maka ba, faɗa na zo yi.

Bari dai in fara da labarin gida, kada ka ce shekara uku kacal da rufe idonka Kulu ta zubar da ladabi. Ɗiyarmu ta Moriki ta sake sauka, namiji, an mayar da sunanka, shi ma ya shiga sahun waɗanda bakina ba ya iya kira. Ɗanka Sani yana nan a aikin kwana-kwana inda ka sa shi, ko in ce yana nan har jiya, zan zo kan wannan. Matarsa Dije na da ciki na uku, ya tsufa, ƙafafunta duk sun kumbura. Geron bana ya yi kyau, dawa ce ruwa ya yanke wa. Katangar bayan gida da ka yi ta cewa za ka ɗaga bayan salla, damina ta kwantar da ita, mun kafa zana.

Jihar da ka yi wa murna har ka yanka zakara ranar da aka cire mu daga Sakkwato tana nan. Bayan tafiyarka kuma an kawo Shari'a. Mutane sun yi ta ɗurawa Gusau, wasu a bayan motar shanu, wasu a ƙafa, Sani ma ya je ya dawo da murya a dushe saboda kabbara. An rufe gidajen nan na bakin tasha da kake cewa in kau da kai in mun zo wucewa. Wallahi ni ma na yi murna, na ce to yanzu mai gaskiya zai ci gaskiyarsa. Ban san ana iya kawo Shari'a gari a bar butulci zaune daram a kan kujera ba.

Ga abin da ya faru. An ce kuɗin da ke shigo wa hukuma ya ragu, kasafi ba ya kaiwa, sai an rage ma'aikata. Aka kafa kwamiti. Kana tsammani da masu barci ƙarƙashin fanka suka fara? Ko da waɗanda sunansu ke karɓar albashi alhali ko mai shara bai taɓa ganin fuskarsu a ofis ba? A'a. Da 'yan kwana-kwana suka fara. Su bakwai ne a wajen, aka ce uku za a bari. Mota ɗaya tal daga nan har Shinkafi da Zurmi, ita ce ta tsone musu ido.

Ka san abin da aikin Sani yake a gidan nan, ba sai na faɗa maka ba. Shi ne cefane, shi ne takin gona, shi ne asibitin Dije. Kuma shi kaɗai ya iya. Kai ne ka hana shi bin kawunsa fataucin shanu, ka ce aikin gwamnati ba ya mutuwa, kuma wuta ba za ta daina tashi a duniya ba. Na biyun dai ka yi gaskiya.

Kwamitin ya ce a kawo musu littattafan aiki, su ga ko 'yan kwana-kwana na da aikin yi ko babu. Ka san su, manyan nan masu baƙin bango, guda huɗu, tun na zamanin da aka damƙa maka biro kana sabon shiga, don kai kaɗai ka yi elemantare a cikinsu. Doka ta ce duk fitar da mota ta yi sai an rubuta: ranar, unguwar, gidan wane ne, kuma me ya tada wutar. In kuwa aka rubuta gobara, sai wani ya zo daga sama da ɗan sanda a bayansa, a shiga gidan mutum, a tsayar da matarsa a tsakar gida ana yi mata tambaya, unguwa duk ta taru a zaure. Wannan ne kai ba ka iya gani.

Shi ya sa ka ƙirƙiro taka dokar. In kasuwa ce ta kama, ko daji, ko ma'ajiyar auduga ta bakin tasha, wutar da ba mai jin kunyarta, ka rubuta ta ɓaro-ɓaro. In kuwa gidan mutum ne, kuma ka ga abin da ya tada ta zai kunyata wani, sai ka ja layi ka rubuta kalmomin nan naka: an fita gwajin mota. Kusan shekara talatin kana wannan. Ka koya wa Mamman direba, ka koya wa sauran, ka koya wa ɗanka. Kana cewa wanda wuta ta ci ɗakinsa bai kamata kuma takarda ta ci mutuncinsa ba. Magana mai daɗi, Malam. Ina ma ana tuƙa tuwo da ita.

Sani ya ce da suka buɗe littattafan sai dariya ta kama su. Shafi bayan shafi, gwajin mota, gwajin mota, sai an yi nisa a ga gobara ɗaya. Shugaban kwamitin ya cire tabarau ya ce shi bai taɓa ganin motar da ta sha gwaji irin wannan ba. Suka yanke abu biyu. Na farko, garin nan Allah ya tsare shi, gobara ba ta cika tashi ba, saboda haka mutum bakwai ɓarna ce. Na biyu, 'yan kwana-kwana sun shekara da shekaru suna ƙona man gwamnati suna yawon shan iska da jiniya. Ka ji? Kai da tari ya kashe saboda hayaƙin gidajen mutane, yau ga ka a takarda ɗan yawon shan iska.

Yanzu ka gaya mini, da kake rufa wa duk gari asiri, wa ka bar wa rufin namu? Ba ka taɓa tunanin wata rana wani da bai san ka ba zai buɗe littafin ya ɗauki abin da ya gani a matsayin gaskiya? Kai da ka fi kowa sanin cewa gwamnati ba ta da ido sai takarda? An ce alheri gadon barci ne. To kai ka hau gadon ka yi barcinka, mu ka bar mu a tsaye.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ni na san kowane layi. Ka tuna yadda kake dawowa kana warin hayaƙi, in kai maka ruwa bayan ɗaki, in ajiye maka akushi, kana ci kana ba ni labari ƙasa-ƙasa don kada yara su ji? Ni ce littafinka na gaskiya. Na san matar telan da ta bar dutsen guga a kan katifa ta tafi kallon lefe. Na san tsohuwar Kasuwar Daji da ta zuba kananzir a risho yana ci. Na san mutumin bakin tasha da tukunyar burukutunsa ta kama rumfa, wanda yanzu ya tuba, ya tsayar da gemu, ba ya rasa sahun farko. Duk suna nan a kaina, ko ɗaya bai goge ba.

Sai na ce to ai abin mai sauƙi ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na yafa mayafina, da yake yanzu tsufa da rashin miji sun ba ni izinin fita, na bi gida-gida. Ban ce kowa ya tona kansa ba. Cewa na yi maigida ya je gaban kwamiti ya ce an taɓa kashe wuta a gidana, shi ke nan, ba sai ya faɗi dalili ba. Kwana tara ina wannan yawo, har Kasuwar Daji na je a motar haya, a kujerar baya ta mata, rana na dukana ta taga.

Malam, da ka ga fuskokin da na gani da ka yi kuka. Matar telan ta ce ita ba ta tuna wata gobara ba, tana faɗa tana tsaye a ƙarƙashin azarar da har yau baƙa ce. Wani ya aiko a ce ba ya nan, ga takalminsa a ƙofar ɗaki. Wani ya ce zai je in Allah ya so, da irin muryar da kai da ji ka san ya riga ya yanke cewa ba zai so ba. Mai sahun farkon kuwa ya fito zaure da kansa, ya haɗa ni da girman Allah in rufa masa, ya ce zamani ya canja, ko babu bulala akwai bakin mutane, kuma 'ya'yansa mata uku ba su yi aure ba. Shi kaɗai ne ban ji haushinsa ba.

Na ajiye maka babbar a ƙarshe. Ka san wane ne shugaban kwamitin, mai cire tabarau? Alhaji Ummaru. I, shi ɗin dai. Wanda lokacin wahalar mai ya jibge jarkokin fetur a ɗakin da ke jikin na matarsa, yana jiran farashi ya hau. Wanda ka shiga gidansa da jiƙaƙƙen buhu a ka, kana janyo jarkoki ɗaya bayan ɗaya wuta na lasar rufi, alhali shi yana waje yana salati da hula a hannu. Tabon da ka tafi da shi kabari a damtsenka na dama, na gidansa ne. Tarin da bai sake ka ba, daga ranar ya fara. Da ka rubuta gaskiya a ranar, da Alhaji Ummaru ya kwana a hannun hukuma. Ka rubuta gwajin mota. Yau shi ne ke nuna wannan layin da yatsa yana dariya.

Na je gidan, ba zan ɓoye maka ba. Matarsa Hajiya Rabi ta karɓe ni da fara'a, ta shimfiɗa mini darduma, ta kawo lemo mai sanyi. Ɗakin da jarkokin suka zauna an yi masa fenti shuɗi, an sa labule. Na kawo zancen a hankali, ta yi kamar ina ba ta labarin wata ƙasa. Da na tashi ta biyo ni da turmin atamfa da sabulu a leda, wai a kai wa mai ciki. Na karɓa don kada a ce na yi rashin kunya a cikin gidan mutane, na zo zaure na jingine musu abinsu a bayan ƙofa. Atamfa! Hannun mijina da ƙirjinsa, da abincin ɗana, turmin atamfa ɗaya.

Na dawo gida ina huci, na ce wa Sani ya tashi ya je ya faɗa wa kwamiti kowane layi da sunan mai shi, tunda shi ma ya san rabi. Ka san abin da ya yi? Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa, daidai yadda kake yi in ka riga ka yanke ba za ka ji maganata ba. Ya ce amana ce, kuma ba shi ya ɗauke ta ba balle ya sauke. Na ce amanar za ta biya unguwarzoma? Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan nan naka ko ƙwaya ɗaya bai zubar ba.

Sai na ce to ni ban yi wa kowa rantsuwa ba. Na yago takarda daga littafin makarantar jikarka, na zauna bayan la'asar, na fara rubuta sunaye. Na fara daga na baya-bayan nan ina komawa baya, shekara bayan shekara, gida bayan gida. Da na zo kan Alhaji Ummaru sai da na danna biro har takardar ta huje. Na cika gaba na juya baya. Ina ta gangarawa, ina ta gangarawa, har na iso ƙasa, na iso layin farko da ka taɓa rubuta gwajin mota a rayuwarka. A nan biron ya tsaya.

Ka san layin. Ni ma na san shi. Shekara talatin da 'yan kai muna kwana ɗaki ɗaya ba wanda ya taɓa ɗaga zancen a cikinmu.

Shekarata ta biyu ce a gidanka, ina da cikin fari. Mahaifiyarka Inna ta tafi Zurmi suna, ta bar mini gida. Na ɗora man gyaɗa a murhu kusa da zanar ɗakinta, sai na ji guɗa a maƙwabta, an kawo kayan amarya. Na ce bari in leƙa ta katanga in dawo. Leƙen ya zama shiga, shigar ta zama zama. Ihun yara ne ya fito da ni. Kafin ku iso da mota ɗakin Inna ya tafi, da adudunta, da zannuwan da ta tara tun na aurenta, da tasoshin da uwarta ta bar mata. Ka sauko daga mota ka ga gidanka ne. Ka kalli kaskon man, ka kalle ni. Da aka gama ka ɗauki kaskon da kanka ka jefa a masai.

Da Inna ta dawo ka ce mata tartsatsi ne daga bututun jirgi, tunda gidan na jikin layin dogo kuma jirgin lokacin da kwal yake tafiya. Ta yarda. Allah ya jiƙan Inna, har ta koma ga Mahaliccinta tana tsine wa jirgin ƙasa, ba ta sake shigarsa ba, ko kukansa ta ji sai ta tofar da yawu. Da ta san gaskiya da a ranar zan koma gidanmu da cikina, ka san halinta, kuma da ba wanda zai ga laifinta. Ni kuwa na zauna na haifi 'ya'yana, na yi mata jinya, na rufe mata ido, ban taɓa buɗe baki ba. Kai ma ban taɓa ce maka na gode ba. Kunya ce ta hana ni da fari, daga baya kuma sai ya zama kamar in na gode na tono abin da ka binne.

Ka ga inda ka kai ni? Na fita ina zagin gari da butulci, ashe babbar butulu tana cikin ɗakinka. Al'adar da nake tsine wa, a kaina aka fara ta. Duk auren nan nawa a kan layin nan guda yake zaune. Na rubuta sunana a ƙasan takardar, na zauna ina kallonsa har aka kira magariba.

Ranar Litinin kwamitin ya yi zamansa na ƙarshe, na je. Sani bai sani ba sai ganina ya yi a ƙofa. Masinja ya so ya hana ni, furfurata ta ba shi kunya. Su biyar ne a bayan tebur, ga littattafanka huɗu an ɗaure da igiya kamar kayan da za a kai bola. Takardar sunayen tana ƙulle a bakin mayafina. Na nemi a kwance igiyar a ba ni mafi tsufa. Na buɗe, na bi da yatsa yadda ka koya mini, har na sami layin, mako ɗaya bayan babbar salla, da rubutunka na ƙuruciya mai tsayin wuya. Na ce musu wannan ba gwajin mota ba ne, ɗakin surukata ne, ni na ƙona shi. Na ba su labarin kaskon, da kayan amaryar, da jirgin da aka yi wa ƙazafi. Na ce kowane layi irin wannan gidan wani ne a garin nan, kuma mai layi ya san layinsa. Ina faɗa ina kallon Alhaji Ummaru. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Bai ɗago ba, Malam. Casbaharsa yake ja kamar mai lazimi. Sakataren ne ya yi 'yar dariya ya ce Allah ya ba Hajiya haƙuri, amma gobarar shekara talatin ba hujja ba ce a kan kasafin bana, in akwai wasu sunaye a kawo. Hannuna ya kai bakin mayafi sau biyu. Wallahi sau biyu. Ƙulli ɗaya ne tsakanin Alhaji Ummaru da ranar da ya daɗe da cancanta. Amma na riga na ɗanɗana abin a bakina. Ni da na yi jikoki, a kan laifin da wadda aka yi wa ta daɗe a ƙasa, sai da na ji kamar an tuɓe mini zane a kasuwa, ga ɗana a tsaye a bayana yana ji. Na tuna mai 'ya'ya mata ukun nan yana roƙona a zaure. Takarda ɗaya ce, in na miƙa ta ba za su karanta layi guda su mayar mini ba. Na gyara mayafina na fito. Har yanzu ban san ko tsoron Allah ne ko wauta ba, kuma kada ka yi saurin cewa ka sani.

Ranar Laraba aka manna takarda a allo. Sunan Sani na cikin waɗanda aka sallama. An bar Mamman direba da wasu biyu masu uwa a gindin murhu. Mutum uku, Malam! Motar da ba ta tashi sai an ajiye ta a gangare an cire dutse an tura. Ɗaya a sitiyari, biyu na turi, to wa zai riƙe mesa? Ko wutar za ta zauna ta jira su huta? An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, su kuwa waɗannan mai ruwan suka kora. Allah ya kiyaye garin nan, ba na yi masa mugun baki, jikokina a ciki suke kwana.

Ni kuma ga abin da na samo. Labari ya riga ni isowa gida. Matan unguwa sun sa mini suna Kulu mai jirgi, in na wuce sai wata ta yi kukan jirgi a bayan zana. Dije, da duk halin da take ciki, in ta ga na nufi murhu sai ta ɗauke ashana tana ƙunshe dariya. Wannan duk mai sauƙi ne. Ƙanwarka Asabe ta aiko daga Zurmi cewa ƙafarta ta bar gidan nan, tunda na ci tuwon uwarta shekara ashirin da ƙarya a cikina. Na zubar da mutuncina, na rasa dangin miji, kuma aikin bai tsira ba.

Jiya ce ranar Sani ta ƙarshe. Tun da safe na ce masa in Allah ya sa aka fita, ya rubuta komai, suna da unguwa da dalili, ko gidan liman ne, ko don waɗanda aka bari. Da hantsi kuwa na ji jiniya ta nufi hanyar Kasuwar Daji. Ya dawo bayan azahar, gira a babbake, yana warin nan da kake dawowa da shi. Ya miƙa hular kwano da takalma a ofis, ya dawo da silifas. Ban tambaye shi ba. Mamman na tare a ƙofar gida na ce me yaron ya rubuta. Ya kau da kai yana sosa ƙeya, ya ce abin da aka saba.

An fita gwajin mota. A ranar da aka kore shi saboda kalmomin nan, da su ya rufe littafin. Kuma gidan wa aka je, bai gaya mini ba. Na hango shi a ƙofar ɗakinsu yana cin abinci, yana magana ƙasa-ƙasa, Dije na zaune ta tallafe ciki tana gyaɗa kai. Ya sami nasa littafin.

Gobe zai bi kawunsa kasuwar Moriki ya fara koyon riƙon igiyar sa, yana da shekara talatin, abin da ka hana shi tun yana da ƙarfin koyo. Ban san me za mu ci ba in dawa ta ƙare, ban san da me za a yi suna ba. Kada ka ce mini Allah na nan, na fi ka sani, ni ce a duniyar.

Takardar sunayen kuwa, ɗazu da na ɗora tuwon dare na kwance ta daga mayafi na tura ta murhu, da matar tela, da mai sahun farko, da Alhaji Ummaru mai huji, da ni a ƙasa. Ana ta guɗa a gidan Mamman, ɗiyarsa aka kawo wa lefe, Dije ta ce in zo mu leƙa. Ban je ba. Wannan karon na tsaya a kan wutata har ta zama toka, sannan na yayyafa ruwa.

Na gode da kaskon, Malam. Ga ta nan, ta yi latti da shekara talatin, amma na faɗa. Sauran kuwa ban huce ba, kada ka ɗauka na huce. Allah ya jiƙanka, ya rufa maka asiri ranar da za a buɗe littafin da ba a rubuta gwajin mota a cikinsa. In ya haɗa mu ka tanadi amsa, akwai sauran magana.

Sai na zo.

Matarka, mai layin farko,
Kulu